Azumi da fara'a: tambayoyi da amsoshi kan murna da barkwanci a lokacin Karem da Ista

Duk shekara da zarar an shafa toka sai tambayoyi su fara zuwa, a ajin katekisim, a bakin coci bayan Misa, wasu ma ta waya cikin dare, kuma yawanci tambayoyin iri ɗaya ne suke ta dawowa. Shi ya sa na ga gara a tattara su wuri guda don 'yan uwa Katolika na nan Yamai, musamman masu shirin baftisma da iyaye, har da maƙwabtanmu Musulmi da ke son su san me muke ciki. Ni ba Fada ba ne, in abu ya shafi lamirinka kai kaɗai to ka je ka zauna da Fadan paruwas ɗinku, wato cocin yankinku.

Wai mene ne Karem ɗin nan, yaushe yake farawa yaushe yake ƙarewa?

Karem shi ne lokacin shiri kafin Ista, wato Pak kamar yadda muka saba faɗa a nan, idin tashin Yesu daga matattu. Yana farawa ranar Larabar Toka, ranar da ake shafa mana toka a goshi alamar tuba. Daga wannan Larabar zuwa Asabar ta jajibirin Ista kwana 46 ne, in ka cire Lahadi shida da ke ciki sai ya rage 40, daidai da kwanakin da Yesu ya yi yana azumi a jeji. Abu uku ake so a ƙara ƙaimi a kansu: addu'a, azumi, da sadaka.

Ranar tana canzawa duk shekara don Ista tana bin wata ne, Lahadin farko bayan cikar wata da ta faɗo ranar 21 ga Maris ko bayanta, don haka ba ta zuwa kafin 22 ga Maris kuma ba ta wuce 25 ga Afrilu. Mu a Nijar kun san me wannan ke nufi, ƙarshen Karem yana faɗawa ne tsakiyar bazara, zafin rana ya haura digiri 40, kuran ya tafi, fanka ta tsaya, amma dai ga mangwaro ya fara shigowa kasuwa.

To in lokacin tuba ne, ina ruwan murna da shi? Ba baƙin ciki ya kamata a yi ba?

Wannan ita ce uwar tambayoyin duka. Amsar tana cikin bisharar da ake karantawa ranar Larabar Toka ɗin kanta, Matiyu sura 6, inda Yesu ya ce in kuna azumi kada ku ɓata fuska kamar munafukai don mutane su gane kuna azumi, kai dai ka shafa mai a kanka ka wanke fuskarka. Ku lura fa, ranar farko ta azumi Ikilisiya ta zaɓi ta karanta mana wannan, ba ta bari sai an yi nisa ba. Ke nan ɗaure fuska ba ya cikin farillan Karem, abin da aka gargaɗe mu a kai ne ma.

Tuba a wurinmu komawa gida ne. Ɗan nan na Luka sura 15 da ya watsar da dukiyar ubansa, da ya dawo uban bai sa shi zaman makoki ba, yanka ɗan maraƙi ya yi aka kawo kiɗa da rawa. Nadamar zunubi gaskiya ce kuma tana da zafi, ba na raina ta, amma nadamar wanda ya san za a yafe mishi ba ɗaya take da ta wanda ya fid da rai ba. Paparoma Faransis a wasiƙarsa ta 2013 kan farin cikin bishara ya koka da cewa akwai Kiristocin da rayuwarsu ta zama kamar Karem da ba shi da Ista. Ni kam ina ganin wannan cutar ta fi kama mu masu himmar coci fiye da kowa, sai ka ga mutum ya bar nama ya bar shayi amma gidansa ba mai iya yi mishi magana har kwana arba'in, mata da yara kowa na taka-tsantsan. Wannan azumin su waye suka yi shi, shi ko iyalinsa?

Laifi ne in yi dariya ko in yi barkwanci ina cikin azumi?

A'a, ba laifi ba ne, kuma ba ya karya azumi. Babu wata dokar Ikilisiya da ta hana dariya a Karem. Littafin Mai-Wa'azi sura 3 ya ce akwai lokacin kuka akwai lokacin dariya, abin da ake nema shi ne mutum ya san wanne ne wanne. Akwai ranar da ta fita daban, ranar tunawa da mutuwar Yesu a kan gicciye, duba amsar Jumma'a Mai Tsarki a ƙasa, akwai kuma irin barkwancin da bai dace ba ko a Karem ko ba a Karem ba, shi ma na yi bayaninsa a tambayar iyakar wasa.

Tun da daɗewa malaman Ikilisiya sun yi muhawara a kan wannan. Dokar zaman sufaye ta Waliyi Benedikti ta ja kunne sosai kan yawan ƙyaƙyata da surutu, amma don mutanen da suka zaɓi zaman shiru aka rubuta ta. Waliyi Toma Akwinas kuwa, wanda ya rasu a 1274, ya koyar da cewa rai na buƙatar wasa ya huta kamar yadda jiki ke buƙatar barci, har ya ce mutumin da ba ya wasa da kowa kuma yana hana wasu jin daɗi shi ma yana da aibi. Wato yawan wasa illa ne, rashinsa gaba ɗaya ma illa ne.

Maƙwabtana Musulmi suna tsokanata wai azuminmu na wasa ne tunda muna shan ruwa. Me zan ce musu?

Ka fara da yin dariya tare da su, don yawanci tsokana ce ta zaman tare ba cin mutunci ba. Sannan ka faɗa musu yadda abin yake. Azumin dole a wurinmu kwana biyu ne, Larabar Toka da Jumma'a Mai Tsarki, ana cin cikakken abinci sau ɗaya da ɗan abin taɓawa sau biyu, kuma ya hau kan wanda ya cika shekara 18 har ya shiga ta 60. Barin nama kuma duk Jumma'ar Karem da Larabar Toka, daga shekara 14 zuwa sama. Ruwa ba a hana ba. Wannan sassaucin ya zo ne da dokar Paparoma Bulus na 6 ta 1966, kafin nan azumin ya fi haka tsanani nesa ba kusa ba. Sauran kuwa an bar wa kowa ya ɗora wa kansa, kuma da yawa daga cikinmu a nan suna wuni ba ci har la'asar ko magariba da ra'ayin kansu. Mara lafiya, mai ciki, mai shayarwa da mai aikin ƙarfi a rana duk an ɗauke musu.

'Yan shekarun nan ma abin ya zo da daɗi don azumin biyu sun haɗu. A 2025 Larabar Toka ta faɗo 5 ga Maris, 'yan kwanaki bayan an ɗauki Ramadan. Sai ka ga da magariba yaro ya shigo da kwanon kunu da ƙosai daga gidan Alhaji, ranar Ista kuma kwanon ya koma da shinkafa da kaza. Akwai kuma abin da ke faruwa duk Larabar Toka, mace ta fito Misar safe ta biya kasuwar Wadata, mai tumatir ya dube ta da tausayi ya rage murya ya ce "Tanti, gawayi ya shafe miki goshi", har yana miƙa mata tsumma. Mai hankali ba ta fushi, sai ta yi murmushi ta ce "Na gode ɗana, da gangan ne, yau muka fara namu azumin", shi kuma ya ce to Allah ya ba da lada, ya ƙara mata gyara. A wurina wannan hirar ta minti ɗaya ta fi doguwar gardama amfani.

Me ya sa ba a rera Halleluya a Karem? Ba wannan ke nuna an hana murna ba?

Ba a hana ta ba, ajiye ta aka yi. Daga Larabar Toka har daren Ista ba a furta Halleluya a Misa, ana sa wata waƙar yabo a madadinta kafin bishara. Waƙar Ɗaukaka ga Allah ita ma ana barinta ranakun Lahadi, ba a ƙawata bagadi da furanni, kayan kiɗa kuma sai dai su tallafi murya kawai, shi ya sa 'yan koral ke rage ganga. Hikimar a fili take, abin da kunne ya yi mako shida bai ji ba, ranar da ya dawo sai ka ji shi har cikin ƙashi. Duba amsar daren Ista ka ga yadda take dawowa.

Ko a cikin Karem ɗin akwai ranakun da ake buɗe taga: idin Waliyi Yusufu 19 ga Maris da idin Albishir ga Maryamu 25 ga Maris, ana rera Ɗaukaka ana sa fararen kaya. In ɗayansu ya faɗo ranar Jumma'a a cikin Karem, dokar barin nama ma tana sauka a ranar.

Na ga Fada ya sa riga ruwan hoda wata Lahadi a tsakiyar azumi, mene ne dalili?

Lahadi ta huɗu ke nan, ana kiranta Letare, Lahadin murna. Waƙar shiga ta ranar daga Ishaya 66:10 take, ku yi murna tare da Urushalima dukanku masu ƙaunarta. An wuce rabin hanya, sai Ikilisiya ta sassauta launin shunayya zuwa ruwan hoda, a dawo da furanni, a saki kiɗa kaɗan. Sau biyu kawai ake sa wannan launin a shekara, ɗayan shi ne Lahadi ta uku ta lokacin jiran Kirsimeti. Ba dole ba ne, paruwas da ba ta da rigar sai ta ci gaba da shunayya. In kuma matasa sun ɗan tsokani Fada a bakin ƙofa kan kalar rigar ba wani abu ba ne, yawancinsu su ke fara tsokanar kansu tun daga kan bagadi.

Yesu ya taɓa yin dariya kuwa? An ce ba a rubuta ba.

Gaskiya ne ba wata aya da ta ce Yesu ya yi dariya, alhali an rubuta ya yi kuka a kabarin Li'azaru da kuma kan Urushalima. Amma Luka 10:21 ya ce ya yi farin ciki matuƙa cikin Ruhu Mai Tsarki, alamarsa ta farko a gidan biki ya yi ta a Kana, yara suna ruguwa wurinsa, kuma kowa ya san yara ba sa zuwa wurin mai ɗaurarriyar fuska. Maƙiyansa ma zargin da suka yi mishi a Matiyu 11:19 shi ne wai mai ci ne mai sha, abokin masu karɓar haraji.

Sannan ka saurari maganarsa da kunnen Bahaushe. Mutum da gungumen icce a idonsa yana ƙoƙarin cire wa ɗan uwansa ɗan hakin da ke nasa idon. Malamai masu tace sauro daga abin sha amma su haɗiye raƙumi. Raƙumi zai bi ta kafar allura. Mu da muke ganin raƙuma da lodin itace suna ratsa gari mun fi kowa sanin girman abin da ake cewa an haɗiye, ba yadda za a yi taron makiyaya da masunta su ji wannan ba su dara ba. Yakubu da Yohanna kuma ya laƙaba musu suna 'ya'yan tsawa, su ne fa suka nemi a sauko da wuta kan wani ƙauyen Samariya.

Labaran bayan tashinsa su suka fi cika da wannan. Maryamu Magadaliya ta ɗauka mai lambu ne. A hanyar Imuwasu almajirai biyu suka ce mishi kai kaɗai ne baƙo a Urushalima da ba ka san abin da ya faru ba, shi da abin ya faru a kansa, sai ya ce musu "wane abu?" ya bar su suka ba shi labarin kansa. Yohanna kuma sai da ya rubuta cewa a tseren zuwa kabari ya riga Bitrus isa. A bakin teku Yesu ya hura gawayi ya gasa musu kifi ya ce ku zo ku karya kumallo. Ka karanta Luka 24 da Yohanna 20 da 21 a hankali a makon Ista, za ka ji da kanka.

Akwai waliyyan da aka san su da barkwanci?

Akwai, kuma ba ƙanana ba. Waliyi Filibus Neri na birnin Roma, 1515 zuwa 1595, shi ne kan gaba. Da mutane suka fara girmama shi fiye da kima sai ya riƙa yin abin da za a yi mishi dariya, har ya taɓa aske rabin gemunsa ya fita haka. Ana ba da labarin wata mai gulma da ta zo ikirari, wato furta zunubanta a gabansa, ya ce ta sayi kaza ta riƙa fige ta tana tafiya cikin gari, da ta dawo ya ce to koma ki tattaro gashin duka. Ta ce ai iska ta kwashe, ya ce haka maganarki take.

Waliyi Lauran dikon ne, wato mai hidima a coci, a Roma da aka kashe a shekara ta 258. Da hukuma ta ce ya kawo dukiyar Ikilisiya sai ya tara matalauta da guragu da makafi ya ce ga ta nan, kuma labarin da aka gada ya ce ana gasa shi a kan ƙarfe ya ce musu wannan gefen ya yi, ku juya ni. Toma More na Ingila da aka sare wa kai a 1535, an ruwaito cewa ya janye gemunsa daga kan gungume ya ce shi dai gemun bai ci amanar sarki ba. Ba raina mutuwa suke ba, sun gaskata ne cewa ba ita ke da maganar ƙarshe ba. A zamaninmu Paparoma Faransis ya sha faɗa cewa kullum yana karanta addu'ar neman raha da ake jingina wa Toma More ɗin, kuma a Yunin 2024 ya gayyaci masu wasan barkwanci sama da 100 zuwa Batikan. Faransis ɗin ya rasu 21 ga Afrilun 2025, Litinin ɗin Ista, kwana ɗaya bayan ya fito ya sa wa jama'a albarka.

Fadanmu yana ba da labarin ban dariya a wa'azi, wasu dattawa na jin haushi. Daidai ne?

Ba sabon abu ba ne. A yankin Bavariya na Jamus tun wajen ƙarni na 15 akwai al'adar da ake kira dariyar Ista, inda mai wa'azi ke saka labarin da zai sa jama'a su fashe da dariya ranar idi, don a nuna an yi nasara kan mutuwa da Shaiɗan. Daga baya wasu suka wuce gona da iri da maganganun da ba su dace da coci ba, har hukumomin Ikilisiya suka taka wa abin birki. Yusufu Ratzinga, wanda ya zama Paparoma Benedikti na 16, ɗan yankin ne, kuma ya yi rubutu yana yaba ma'anar al'adar duk da kurakuranta, yana haɗa ta da dariyar Saratu lokacin da ta haifi Ishaku.

Don haka dattawan da Fadan kowa na da gaskiyarsa. Ra'ayina shi ne, labarin da ya buɗe kunnen mutane har bishara ta shiga, musamman a Misar da zafi ya sa rabin coci na gyangyaɗi, alheri ne. Amma in an fito ana ta maimaita barkwancin ba wanda ya tuna ayar da aka karanta, ko an yi wasa da wani da ke zaune a wurin har ya sunkuyar da kai, to an kauce. Dattijon da abin ya dame shi ya sami Fada a keɓe cikin ladabi, ya fi a yi ta gunaguni a bayan coci.

Ina iyakar wasan? Wasan taubashi fa, a dakatar da shi a Karem?

Kada a dakatar. Wasan taubashi arzikin ƙasar nan ne, har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014. Bagobiri da Bazabarme, Ba'are da Bafillace, Babarbare da Bafillace, kowa ya san abokin wasansa, kuma a coci irin namu da ya tara Hausawa da Zabarmawa da Gurmawa da 'yan Benin da Togo da Burkina, wannan wasan yana narkar da abubuwa da yawa da taron komiti ba zai iya ba.

Iyakar mai sauƙi ce a faɗa. Bulus a Afisawa 5:4 ya hana maganar batsa da zancen wauta. Ba a wasa da Jibin Ubangiji, ko a kwaikwayi ikirari ko kalmomin keɓe gurasa don a ba mutane dariya, yanzu da kowa ke ɗaukar bidiyo yana sawa a TikTok wannan ya zama abin lura sosai. Ba a wasa da naƙasar mutum, ko rashin haihuwa, ko talaucinsa. Ba a taɓa addinin maƙwabci, ko da shi ya fara. In wanda aka yi wasan da shi bai iya dariya tare da ku ba to ba wasa ba ne, kuma in za ka bar wani abu don azumi, barin irin wannan ya fi barin sukari wuya ya kuma fi lada.

Jumma'a Mai Tsarki fa?

Ita daban ce. Ba a yin Misa ranar, bagadi tsirara, ƙararrawa ta yi shiru tun daren Alhamis, ana bin Hanyar Gicciye ana sumbatar gicciye. Ranar shiru ce, a rage rediyo, a rage waya, a rage hira. Ba wai in jariri ya yi abin dariya ka danne ba, amma ba ranar shirya raha ba ce. Mu da muka san zaman makoki ba sai an koya mana yadda ake zama a gidan rasuwa ba. Asabar ma haka ake wuni cikin jira har dare.

An gayyace ni biki ko suna a cikin Karem, in je?

Je ka, musamman na dangi da maƙwabta, zumunci bai tsaya don muna azumi ba. In ranar Jumma'a ce ka ci shinkafar ka bar naman ba tare da ka yi shela ba. Auren coci kuwa ba a haramta shi a Karem ba, ana dai so a rage shagali, kuma sam ba a ɗaura shi Jumma'a Mai Tsarki da Asabar ɗinta. Paruwas da yawa sun fi son a jira bayan Ista, don haka ka tambayi Fada kafin ka buga katin gayyata.

Ina cikin makoki, ko wahala ta yi min yawa, ba na jin wata murna. Na yi zunubi?

Ba ka yi ba ɗan uwa, ko kaɗan. Kada wani ya ɗora maka nauyin murmushin dole, wannan ma wani irin munafunci ne. Murnar da ake magana ba yanayin zuciya na yau da gobe ba ce, tabbaci ne cewa Allah bai bar ka ba, kuma tana iya zama tare da hawaye a ido ɗaya. Bulus yana kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa ku yi farin ciki cikin Ubangiji kullum. Zabura 126 da ta ce bakinmu ya cika da dariya, ita ce kuma ta ce masu shuka da hawaye za su girbe da sowa.

Mu a nan mun ɗanɗana. A Janairun 2015 an ƙona majami'u da yawa a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu, akwai kuma Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu, wannan ma ba a mantawa. Ba a kai wata uku ba Ista ta zo, aka taru a inda ya samu, wasu ƙarƙashin rumfa kusa da bangon da ya yi baƙi, aka rera Halleluya. Yau ma akwai 'yan uwanmu daga wajajen Makalondi da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu suna zaune a cikinmu. In ba ka iya rerawa bana, ka zo ka zauna kawai, wasu za su rera a madadinka. In kuma baƙin cikin ya daɗe har ya hana ka ci da barci, ka gaya wa Fada kuma ka ga likita, duka biyun.

Me ke faruwa a daren Ista da kowa ke cewa kada a rasa shi?

Ana farawa a waje cikin duhu, a hura wuta a sa mata albarka, a kunna babbar kyandir ta Ista, daga ita kowa ya kunna tasa har farfajiya ta haskaka. Ka zo da kyandir ɗinka, mutane kan yanke gorar roba su zura ta ciki don iska da ɗigon kakin. Sai a rera doguwar shelar Ista, wadda a cikinta Ikilisiya ke kiran laifin Adamu laifi mai sa'a tunda ya jawo mana irin wannan Mai Fansa, magana ce da sai mai cike da murna zai iya furta ta. Karatu daga Tsohon Alkawari har bakwai ne in an yi duka, tun daga halitta da ƙetare Bahar Maliya har zuwa annabawa, yara duk sun yi barci a kan tabarma.

Sai a ta da Ɗaukaka ga Allah, a kunna fitilu, ƙararrawa ta kaɗa, ganguna su dawo, iyaye mata su rangaɗa guɗa, yaran nan su farka a firgice suna rarraba ido. Bayan wasiƙar Bulus Fada ya ja Halleluya sau uku, kowane ya fi na baya ɗaga murya. A daren ne ake yi wa manya baftisma bayan shekarun katekisim, su fito da fararen kaya dangi na rungumarsu. Ko a babban cocin Notre-Dame du Perpétuel Secours ne ko a ƙaramar paruwas ta bayan gari, tsarin ɗaya ne, sai dai harsunan waƙa su bambanta. Ana daɗewa, ka zo da ruwan sha da mafici.

Da an ci shinkafar Lahadi da hutun Litinin shi ke nan an gama?

Ina! Karem kwana 40 ne, lokacin Ista kuwa 50, har zuwa Fentikos, idin saukowar Ruhu Mai Tsarki. Kwana takwas na farko ana ɗaukarsu kamar rana ɗaya ce ta idi, shi ya sa ko Jumma'ar wannan makon ba a barin nama. Majalisar Nikiya ta shekara ta 325 har cewa ta yi a yi addu'a a tsaye ba a durƙushe ba a waɗannan kwanakin. Kyandir ɗin Ista tana ci a kowace Misa, ana karanta Ayyukan Manzanni, kuma a maimakon addu'ar Mala'ikan Ubangiji ana yin ta Sarauniyar Sama ki yi murna.

Abin da na lura shi ne muna ba azumi ƙarfinmu duka, mu cika coci a Hanyar Gicciye, amma mako biyu bayan idi kowa ya watse. Ƙananan ƙungiyoyin unguwa za su iya gyara wannan ba tare da kashe kuɗi ba: a zagaya gidajen sabbin masu baftisma ɗaya bayan ɗaya, a kai wa tsofaffin da ba su iya zuwa daren Ista ba abinci da waƙa, kuɗin da aka tara na abin da aka bari a azumi a kai shi inda aka yi niyya kafin ya narke a aljihu. Kwana 40 bayan Ista akwai idin Hawan Yesu sama, daga nan kuma a fara addu'ar kwana tara ta jiran Ruhu Mai Tsarki, sai ku duba allon sanarwar paruwas ɗinku don lokutan.